Akwati Biyu a Filin Gwamna

Ku da kuke ɗaga salula ku dangwala yatsa ku ce kun ɗauki hoto, ku bari in gaya muku yadda abin yake lokacin da hoto ke da nauyi. Nauyi na gaske nake nufi, irin wanda sai an ɗora wa jaki. Ku sai ku ɗauki tuli ku goge, ku tsinci guda. Mu gudan nan ne kaɗai gare mu. In ya lalace ya lalace. Ango ba zai sake ɗaura aure dominka ba, sojan da ya hau kamiyo, babbar motar nan, ba zai sauko ya sake tsaya maka ba. Sunana Lawali, amma a Maraɗi in ba ka ce Lawali mai hoto ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan tace ruwa ne. Maigidana Baba Kwasi mutumin Togo ne, ya zo Maraɗi da akwatinsa tun gari yana ƙasa bakin Gulbi, ya zauna har Hausa ta kama bakinsa, ko da yake a karkace ta kama shi. Ya ce ruwan rijiyarmu rairayi ne da kanwa, in ya taɓa gilas sai fuskar mutum ta fito kamar mai ƙyanda. Haka na yi ta tacewa da farin ƙyalle ina juyewa a randa, randar kuma a binne take cikin jiƙaƙƙen rairayi don ruwan ya yi sanyi. Sai da na gaji da tambayar ranar da zan taɓa akwatin, na daina tambaya, sannan ya ce in shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle in duba. Na ga mai tallan goro tana tafe kai ƙasa ƙafafu sama. Na fito a firgice har na kusa tunkuɗe ƙafar akwatin. Ya sharara mini mari, ba don tsoron da na ji ba, don ƙafar.

Akwatin na katako ne, a kan ƙafa uku. Gabansa ido na gilashi, tsakiyarsa fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Hoton kuwa a kan faifan gilas yake kamawa, mai magani a fuska ɗaya, wanda ke zaune cikin wani kube na katako don kada haske ya gan shi. Sai ka shiga ƙyalle ka daidaita mutum, ka fito, ka rufe ido, ka zura kube, ka zare murfinsa, ka matsa 'yar roba, ka mayar da murfi, ka zare kube. Kafin ka yi wannan duka ka sa wani sabo, mai shan fura ya kai rabin ƙwarya. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake.

Wata 'yar kasuwa mai sayar da atamfa ta taɓa zuwa daga Tibiri, ta sha ado, ta zauna. Baba ya ɗauka, muka wanke, ta dawo ta duba ta jefa mana abinmu. Ta ce, "Ina zanen gidanmu? Wa zai ga wannan ya san Bagobira ce?" Gaskiyarta, fuskar ta fito sumul kamar tulu. Baba ya mayar da ita bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, tsagar ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Ranar na san cewa baƙar fuska ba yawan haske take so ba, wurin da ya fito ne abin lura. Sauran masu zuwa kuwa, tsofaffin sojoji da lambobinsu, masu neman katin shaida, dillalan gujiya da ke son a ɗauke su jingine da motar da ba tasu ba.

Muguwar shekararmu ita ce ta yaƙin Turawa, da aka rufe iyaka. Gilas da magani daga Kano suke zuwa mana, ƙasar Ingilishi, sai hanya ta mutu. 'Yan duwan masu tsaron iyaka suna kama ko allura. Muka wanke hoto da tsohon magani har ya koma kamar ruwan kunu, mutane suka riƙa fitowa kamar an gan su cikin mafarki. Daga baya ma babu. Muka kankare tsofaffin gilasai muna sayar wa masu gyaran fitila. Baba ya koma gyaran agogo da keken ɗinki, a ɗaki mai duhu, da ɗan gilashi a ido, kuma a nan ganinsa ya fara tafiya. Da hanya ta buɗe, ya ba ni sabon akwati ya ce in je Sabon Gari in kafa tawa rumfar. Nasa tsohon ya tura shi ƙarƙashin gado.

To, aikin da nake son ba ku labari ya zo ne cikin wata bazara da ta biyo bayan mummunar damina. Ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a kan abin da ya rage. Ina rumfa sai ga Malam Garba, tafintan kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin, da hularsa ta dara da takalmi sau ciki. Bai zauna ba.

"Mai hoto, sabon Gwamna na tafe daga Yamai. Zai ga sarakuna, zai rataya lambobin girma. Jaridar gwamnati na son hoto, kuma mai ɗaukar musu ya kwanta ciwo. Kumandan ya ce kai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, wane hoto ake so?"

"Sarakuna dai ka ɗauka yadda ka saba. Amma wanda za a buga guda ne. Akwai wani manomi bayan Jiratawa, Nomau, wanda ya fi kowa gujiya a shekarun baya. Gwamna zai ba shi lamba, su gaisa hannu da hannu. Wannan gaisuwar ita ake so. In ka rasa ta, kada ma ka dawo Sabon Gari."

Daga ranar zama ya ƙare mini. Na aika Kano ta hannun wani Alhaji mai fataucin tufafi a sayo mini gilas. Kullum ina tasha ina leƙen motocin da ke shigowa ta hanyar Katsina. Da kayan suka iso cikin ɗaurin atamfa, na shiga ɗakin duhu na bi su da yatsa, na tarar kusan rabi sun tsage a hanya. Abin da ya rage zai isa, amma ba na ɓarna.

Filin da za a yi taron yana gaban biron kumandan, wato ofishinsa. Na riƙa zuwa kowace safiya ina tsayawa daidai lokacin da aka ce Gwamna zai iso, ina kallon inda inuwa ke faɗuwa. Fursunoni na kafa rumfa, kuma sun kafa ta rana na bayanta. Wato duk wanda ya tsaya a gabanta fuskarsa na cikin inuwa. Na roƙi Malam Garba a juya ta. Ya shiga ya fito ya ce kumandan ya ce Gwamna ba zai zauna rana na dukan idonsa ba saboda mai hoto. Ga kuma babbar matsalar da ku ba ku sani ba: Bature da baƙin mutum a gilas ɗaya. In ka bi hasken Bature, namu ya zama kututture. In ka bi namu, Bature ya fito kamar an watsa masa gari. Na yi ta zagaye filin har gardawa suka fara tambayar ko na yar da wani abu. Daga ƙarshe na je wurin Alhajin nan na aro farin akoko turmi guda, na ce wa Malam Garba ai bai kamata Gwamna ya taka ƙasa ba, a shimfiɗa masa. Ya ji daɗin shawarar har ya kai wa kumandan a matsayin tasa. Ni kuwa abin da nake so, farin ƙyallen ya maido haske sama zuwa fuskoki.

Saura in ga mutumin. Ba na ɗaukar fuskar da ban taɓa gani ba a rana irin wannan. Na hau keke na gangara Jiratawa, na wuce gonakin taba da suka bushe, na yi tambaya aka nuna mini ƙauyensu. Tun daga bakin gari na lura ba na jin daka. Ƙauye da hantsi, ba turmi ko ɗaya da ke magana. A gefe kuma ga rumbunan tsimi a jere, waɗanda Nasara ya tilasta kowane gari ya riƙa zuba hatsi ciki, an liƙe bakinsu da laka, ba mai buɗewa sai da izinin kumandan.

Nomau Anne ne, irin mutanenmu na ƙauye da ba su bar tsafin iyaye ba. Dogo, baƙi ƙirin, da walki da layu a damtse, shi ne sarkin noman wajen. Na gaishe shi, na gaya masa abin da ya kawo ni. Na tsayar da shi a rana, na juya shi, na nuna masa yadda zai ɗan ɗaga haɓa, na ce in ya ji ana gaisawa ya daskare kamar gungume, don mai motsi ba ya fitowa. Ya bi duk abin da na ce ba musu. Sai ya kama hannuna ya ja ni bayan ɗaki, inda matarsa ke tsame wani abu daga tukunya. Anza ce, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu, an cuɗa da dusa.

Ya ce, "Ɗana, abin nan naka, an ce abin da ya gani ba ya mantawa?"

"Ba ya mantawa, Baba."

"Kuma ba ya jin Faransanci?"

Na yi dariya na ce ba ya ji.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mun je wurin mai gari, mun je wurin sarki, mun je biro. Duk maganar da munka yi, sai ta bi ta bakin tafinta, ta fito can da wata riga. Sun ce in zo da ƙwaryar gujiya in ba Gwamna. Zan zo da ƙwarya. In ya saki hannuna zan buɗe ta. Lokacin nan nika son idon abinka shi kasance buɗe."

Na ce, "Baba, ka san abin da za su yi maka?"

"Na sani. Jikokina biyu mun rufe cikin watan nan. Kai dai ka buɗe ido."

A kan hanyar dawowa keken ma ban san yadda na tuƙa shi ba. Ba tsoron kumandan ne ya fara zo mini ba, lissafin aiki ne. Gaisuwa da buɗe ƙwarya, tsakaninsu bai fi numfashi biyu ba. Akwatina kuwa kun ji yadda yake. In na ɗauki gaisuwa, kafin in sake kube an janye tsohon. In na jira ƙwarya, na rasa abin da aka sa ni, na rasa rumfata. Na isa gida na kafa akwati a tsakar gida na yi ta gwadawa da kube wanda ba kome ciki: zura, zare, matsa, mayar, zare, zura. Na shafa wa bakin kuben sabulu don ya yi santsi. Na yi har yatsuna suka yi kanta, matata ta ce ko dai in ci tuwo ko in gaya mata wanda ya yi mini asiri. Duk saurin da na kai, bai isa ba. Hannu biyu ba za su yi ba, sai akwati biyu.

Na je gidan Baba Kwasi. Yana zaune bakin ƙofa, idanunsa sun yi fari, yana gane mutum ne da tafiyarsa. Na jawo tsohon akwatin daga ƙarƙashin gado. Ɓera ya ci fatar, ta yi huji kamar rariya. Na ɗaura shi a bayan keke na nufi Tibiri wurin wani baduku da ya iya aikin fata mai laushi. Ya juya abin ya ce shi bai taɓa ɗinka wa aljani riga ba. Na zauna a kansa, yana liƙa fatar ɗan akuya da ƙaro, ni kuma ina sa kai cikin akwatin ina fuskantar rana, duk inda na ga ɗigon haske sai in ce nan. Muka yi ta yi har na leƙa na ga duhu tsantsa. Na koma Maraɗi, na ga wani ɗigon, na sake komawa Tibiri.

Akwati ya samu, saura mai matsawa. Duk garin ba wanda ya san nauyin robar nan sai mutum ɗaya. Na gaya wa Baba kome, ban ɓoye masa ƙwarya ba.

Ya ce, "Kai mahaukaci ne. Ni ko hannuna ba na gani."

"Ba gani za ka yi ba, Maigida. Ni zan daidaita, in sa kube, in zare murfi. Kai dai ka riƙe roba. In na ce yanzu, ka matsa."

"In suka kore ni fa? Ni baƙo ne a ƙasar nan."

"Naka shi ne na gaisuwa, wanda suke so. Na ƙwarya nawa ne."

Can ya ce, "Ka goge idon akwatin da me?" Na ce da gefen rigata. Ya zage ni tas, ya ce in kawo masa akwatin da tsohuwar auduga. Na san ya yarda.

Ranar taron tun da sassafe na kafa akwatunan biyu kafaɗa da kafaɗa. Na sa wani gardi ya tsaya a tsakiyar farin akokon na daidaita duka biyun a kansa, na ɗan yi alama da gawayi a gefen ƙyallen, na nuna wa Malam Garba na ce a nan za a tsayar da Gwamna. Ya dubi akwati na biyu, ya dubi Baba da aka zaunar a kujera sanye da tsohon kwat ɗinsa. Na ce tsaro ne, ko ɗaya zai ƙi. Ya ce da kyau.

Fili ya cika. 'Yan lakwal, wato yaran makaranta, a jere da 'yan tutoci, tsofaffin sojoji, sarakuna a ƙarƙashin rumfa, 'yan kasuwa, talakawa a bayan igiya. Gwamna bai zo ba. Rana ta yi ta hawa, hasken da na auna ya yi ta canzawa. Ina shiga ƙyalle ina fita, ina rage idon akwati, ina lulluɓe kubena da rigata don kada zafi ya narka maganin. Yara suka fara faɗuwa a layi ana ɗauke su. Iska ta naɗe gefen akokon, na ruga na danne da duwatsu, gardi ya daka mini tsawa. Baba na ta tambaya, "Inuwa ta kai ina?" Ina gaya masa, yana cewa in ƙara rage ido. Na hango Nomau can gefe, an sa masa wata babbar riga ta aro da ta yi masa gajarta, ƙwarya a hannu an rufe ta da faifai.

Sai kusan tsakar rana aka ji ƙaho. Gwamna ya sauko, wani siriri mai farin kaya, da hular kwano wadda ta rufe masa rabin fuska. Na ce a raina, fuskar nan ba za ta fito ba. Amma da ya tako kan akokon, hasken ya taso ya shiga ƙarƙashin hular, na ga idanunsa. Aka yi jawabi, aka yi ta yi. Aka kira sarakuna, na ɗauke su da akwatina ina ƙidaya abin da ya rage a zuci. Sannan na sa sabon kube a kowane akwati, na zare murafu, na danƙa wa Baba robarsa. Ya damƙe ta a tafinsa.

Aka kira Nomau. Ya tako a hankali, ya ajiye ƙwarya a gabansa. Gwamna ya maƙala masa lamba a rigar aro, ya miƙa hannu. Nomau ya kama, ya ɗaga haɓa, ya daskare.

"Yanzu, Baba."

Na ji ƙaran akwatinsa, ƙyas. Aka fara tafi. Nomau ya sunkuya ya ɗauki ƙwarya, ya cire faifai, ya miƙa ta har ƙirjin Gwamna. Ya ɗaga murya yadda na bayan igiya za su ji.

"Ga abin da ɗiyanmu ke ci. Hatsinmu na cikin rumbu an liƙe. A buɗe muna."

Tafi ya mutu. Malam Garba ya matso da murmushi ya faɗi wasu 'yan kalmomi da Faransanci, gajeru ƙwarai. Ban matsa ba. Yatsana na kan roba, zufa na shiga mini ido, ina jin gardawa sun fara motsi ta hagu. Gwamna ya dubi cikin ƙwaryar. Ya sa yatsu ya ɗebo, ya sansana, ya kai baki. Fuskarsa ta tattare. Ya sake mai da hannu cikin ƙwaryar kamar mai son tabbatarwa, ya fara juyawa wajen kumandan. Nan na matsa.

Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba, ina mayar da murfi. Na dai ga an sa Nomau a tsakiya an yi bayan biro da shi, ba duka, ba hayaniya, mai ƙaho kuma ya shiga busa don ya rufe shirun.

Ban jira ƙarshen taro ba. Na ɗora Baba da kaya a amalanke muka yi Sabon Gari. Ɗakin duhu ya yi zafi kamar tanda. Na taɓa ruwan randa, da ɗumi. Na aika aka sayo mini ruwan sabon tulu daga maƙwabta, na jiƙa buhu na lulluɓe tasoshin, ina fifita da faifai. In ruwa ya yi ɗumi, maganin sai ya saɓule daga gilas kamar fatar ƙuna, kana kallo mutum zai narke. Na fara da na Baba. Yana waje yana buga sanda a ƙofa.

"Ya fito?"

"Ya fito, Maigida. Har zanen hular."

"Hannayen fa?"

"A tsakiya suke."

"To," in ji shi.

Nawa na sa shi a ruwa ina kaɗa tasa a hankali. Nomau ne ya fara fitowa, tsaf, har jijiyar wuyansa. Sai ƙwarya, sai yatsun Gwamna a cikinta, ana iya ƙirga su. Kan Gwamna kuwa ya ɗan yi hazo saboda juyawar da ya yi, amma kowa zai gane shi. A bayansu ga kumandan ya rabu da kujera bai gama miƙewa ba. Ban tsaya kallo ba. Tun gilas bai gama bushewa ba na buga takarda biyu, na wanke, na rataya a igiya.

Da la'asar Malam Garba ya zo da gardi. Ya bar gardin a waje ya shigo. Na ba shi hoton gaisuwa da na sarakuna, ya duba ya gyaɗa kai.

"An ga akwati biyu, mai hoto. An kuma ji ƙara biyu."

Na ɗauko gilas ɗin na ba shi. Ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana kallo. Da ya sauke, idonsa ya faɗa kan igiya, inda takardun biyu ke ɗigar ruwa. Na ga ya gan su. Ya san na gani.

Ya ce, "Uwata a ƙauye take, wajen Tibiri. Ita ma anza take ci." Ya naɗe gilas ɗin cikin hankici. "Kumandan gilas ya ce in kawo. Bai ce takarda ba."

Gilas ɗin an ce a gaban kumandan aka taka shi. Ni aka karɓe mini takardar izinin sana'a aka rufe rumfar, na koma bin kasuwannin ƙauye a ɓoye ina ɗaukar masu katin shaida a bayan rumfunan mahauta. Nomau aka sa shi kaso, wato gidan yari, aka karɓe lambar da rigar. Jarida ta fito da hoton gaisuwa, babba, ba sunan wanda ya ɗauka. Na kai wa Baba, ya shafa takardar da tafin hannu ya ce in gaya masa abin da ke ciki tun daga kusurwar hagu. Shi ne hotonsa na ƙarshe.

Takarda ɗaya na ba wani direba ya kai wa 'yan jam'iyyar da ke adawa da mulkin Nasara a Yamai. Ban sake jin labarinta ba. Wasu sun ce sun gan ta tana yawo hannu da hannu, wasu sun ce ƙarya ne. Rumbunan dai an buɗe su kafin saukar ruwa. Ko ɗacin da Gwamna ya ɗanɗana ne, ko takardar, ko kuwa dama lokacin buɗewar ne ya yi, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kaina abin da ban sani ba.

Bayan ruwan farko aka saki Nomau. Daga kaso bai wuce gida ba, ya yi tambaya har ya samu ƙofata. Ya rame, walkin har yana zamewa. Na ba shi ruwa, na ɗauko takardar da ta rage daga cikin rufin ɗaki na miƙa masa. Ya riƙe ta a juye, na gyara masa. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan ƙwaryar, ya ce ai ta matarsa ce, kuma ba su maido ta ba.

Sai ya fara naɗe takardar.

Na ce, "Baba, ina za ka da ita?"

"Gida. Mu a wurinmu mutum ba ya barin inuwarsa ta kwana ɗakin wani. Na bar ta wurinka don dole, ta yi aikinta."

"Baba, sun fasa gilas. Duk abin da na ɗauka a duniya ba kamar wannan, kuma ita ke nan gare ni."

Ya dube ni, ya cusa ta cikin walki.

"Ni ma ni ke nan gare ni, ɗana."

Ya leƙa waje ya ce hadari na haɗuwa gabas, shina da shuka. Ya kama hanyar Jiratawa a ƙasa.